Sakan Ɗaya, Kaza Ɗaya

Wani mutum ne Nafi'u, amma in ka kira shi haka ba zai waigo ba sai ka ce Injiniya. Shi ne babba a cikin mutum uku da Hajiya Kubura mai gidan abinci ta ɗauka su rubuta mata manhajar waya, don mutane su riƙa odar tuwo da farfesu daga gida. Sauran biyun, Barira da Tasi'u, sun sha labari har kunnensu ya yi kanta.

"Ni fa ba na neman matsala a manhaja," haka yake cewa, yana gyara gilashin da ba na magani ba. "Ita ke nemana. In na zauna gaban kwamfuta na yi gyaran murya, ehem, da kanta take fitowa ta durƙusa."

To, manhajar Hajiya tana da ciwo guda: nauyin buɗewa. Ka danna, ka zauna kana kallon wani ɗan zobe yana juyawa, yana juyawa, sai an yi sakan tara cif kafin kwanon tuwo ya bayyana. Mai jin yunwa kuwa ba ya jira. Hajiya ta zo ofis ranar wata Alhamis, ta dire jaka a tebur, tim!

"Ku ji nan, 'ya'yan nan. Duk wanda ya rage min sakan ɗaya, kaza guda, soyayya, da yajinta."

Nafi'u ya haɗiye yawu, ƙut. Abin da ba wanda ya sani shi ne, a ranar ya gano ciwon. Wani layi ne shi da kansa ya saka tun farko don gwaji, mai cewa manhaja ta tsaya ta jira sakan tara, ya manta bai cire ba. Yatsansa har ya kai kan maɓallin gogewa, sai ya tsaya. In ya goge yau, kaza ɗaya ke nan, wataƙila ma da faɗa. In kuwa ya bi a hankali, kaji tara ne ke kallonsa. Ya sauya wa layin suna, ya tura shi can cikin wani lungu da ba mai leƙawa, ya mai da tara takwas.

Daga nan Alhamis ta zama sallah. Hajiya na shigowa zai dafe ƙugu.

"Wash! Hajiya, wannan sakan ɗin ya ba ni wuya. Kwana uku muna kokawa. Ya kama ni, na kama shi, na ɗaga shi na nana da ƙasa."

"Sannu Injiniya, Allah ya yi albarka!"

Sai ta buɗe kular kaza. Ya ci cinya, ya ci ƙirji, ya tsotse ƙashi, tsut, ya miƙa wa Tasi'u wuya, ya ce wa Barira mata ba sa son maiƙo.

Kaji biyar suka wuce ta haka. Ranar da ya ga saura huɗu, hankalinsa ya tashi. Wata guda kacal, shi ke nan a koma garau-garau? Sai ya lallaɓa ya ƙara uku.

Alhamis Hajiya ta danna, ta ƙirga da yatsu, ta kai bakwai.

"Injiniya! Baya muke komawa?"

Ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya. "Ban so in faɗa ba, Hajiya. Hotunan da Barira ta saka ne. Hoton miyar kuka kaɗai ya fi buhun siminti nauyi. Yara ne, sai a hankali. Amma ki bar min, sati uku zan kwashe ɓarnar."

Barira ta ɗago kai a hankali. "Hotunana, Yaya Injiniya?"

"Kar ki damu, ƙanwata. Kowa da haka ya koya."

"Allah sarki. To Hajiya, ara min wayarki, in ga laifina da idona."

Ta soka wa wayar igiya ta haɗa da kwamfutarta, ta buɗe shafin da suke rubuta manhajar, ta jefa shi kan babbar talabijin ɗin bango. Sannan ta kunna ma'auni, wato abin da ke bin manhaja sawu da ƙafa yana nuna inda kowane sakan ya tafi.

Nafi'u ya yi wata dariya ta maƙoshi. "Wannan ma'aunin ai na 'yan koyo ne. Ƙarya yake yi. Ni da ido nake aunawa."

"Bar shi ya yi ƙaryar mu gani," in ji Hajiya.

Barira ta danna. Zobe ya juya, ya juya. Sai zane ya fito a bango: 'yan guntayen sanduna birjik kamar tsinken sakace, ga kuma wata guda ja, doguwa, ta miƙe daga wannan bango zuwa wancan kamar taɓarya.

"Ga hotunana nan, Hajiya," Barira ta nuna wani ɗan ɗigo. "Ko rabin sakan ba su ci ba. Wannan doguwar ce ta cinye bakwai."

Hajiya ta sa tabarau ta matso. Ba ta san komai a harkar ba, amma ta iya karatu.

"Ka... za... ta. Kazata? Kazar wa?"

"Sunan fasaha ne, Hajiya," Nafi'u ya ce, gumi na bin bayan kunnensa. "Daga Jamus."

Barira ta danna sunan. Shafi ya buɗe, ga layin, ga kuma bayanin da ya rubuta wa kansa a samansa. Tasi'u ya miƙe ya karanta da irin muryar Injiniya, har da gyaran gilashi:

"Ehem. A rage ɗaya duk Laraba. Kar a yi gaggawa. In ta kawo zabuwa a rage biyu."

Barira ta goge layin, ta sake dannawa. Fyat! Kwanon tuwo ya bayyana kafin Hajiya ta ƙifta ido.

"Hajiya, ai manhaja kamar mota ce," Nafi'u ya fara, "sai ta ɗan yi zafi kafin..."

"Jira," in ji Hajiya.

Ta ɗaga yatsu tana kallonsa, ta ƙirga bakwai ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Sannan ta ɗauki kular ta dire gaban Barira. Barira ta ci cinya, Tasi'u ya ci ƙirji, aka tura wa Injiniya wuya a murfi.

Washegari ya shigo a sanyaye, ba gilashi.

"Ina kwananku?"

Tasi'u ya ɗaga yatsa sama yana juya shi, yana juya shi, kamar zoben nan. Nafi'u na tsaye a bakin ƙofa da jaka a hannu har aka cika bakwai.

"Lafiya lau, Injiniya," in ji Barira. "Ka yi haƙuri da nauyin. In ka kawo kaza ranar Alhamis, za mu rage maka ɗaya."