Manajan da Ake Cire wa Hula

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwa a birnin Dubai a shekarar 2007, a fara da Manaja Ɗalhatu, sannan a zauna a sha ruwa kafin a nemo na biyu. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ba a san shi da ƙarya ba sai a inda maganar ta shafe shi.

Ɗalhatu jami'in hulɗa da jama'a ne a Dikko Kargo da ke Al Khabaisi, masu loda wa 'yan kasuwar Kano da Maraɗi kaya a kwantena. Wannan aikin cin abinci ne kawai. Aikinsa na tarihi shi ne manajan ƙungiyar besbol ta kamfanin. Besbol, ga wanda bai taɓa zuwa Amurka ba, wasa ne da ake jefo maka ƙwallo, ka maka mata kulki, ka ruga ka zagaye tasha huɗu kafin a tsinto ta. Ɗalhatu kuwa ya je Amurka. Kwana goma sha ɗaya ya yi a Histon wajen wani kwas, aka kai su kallon wasa ɗaya, ya yi barci a rabinsa. Saboda haka da kamfanoni suka shirya gasar safiyar Juma'a, Alhaji Dikko mai kamfani ya tambayi wanda ya san wasan, hannu ɗaya ne ya tashi.

A wasan nan manaja ba ya ihu, da alama yake ba da umarni. Ɗalhatu ya ƙirƙiro alama arba'in da ɗaya, ya sa aka buga su a littafi mai bango. Ya ja kunne, a ruga tasha ta gaba. Ya shafa tumbi, a ɗan taɓa ƙwallo a hankali. Ya murɗa hanci sau biyu ya daki cinya, wannan ko shi sai ya duba littafin. Leburori suka raɗa masa Sarkin Susa, domin daga nesa za ka rantse kuɗin cizo ne suka kwana a rigarsa.

"Ku saurara da kyau," yakan ce wa 'yan wasa, yana gyara wandon da ya ƙi hawa kan tumbin. "Wasan nan ba na ƙarfi ba ne. Ku ne hannu da ƙafa, ni ne kai. A Histon, idan manaja ya yi atishawa sai filin ya canja tsari. Yalla, ku kalle ni kawai, khalas, shi ke nan."

Kuma ƙungiyar tana cin wasa. Abin da ya fi faranta masa rai ma ba cin ba ne. Kowane ɗan wasa, kafin ya ɗauki kulki, sai ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai cikinta, ya mayar, sannan ya gyaɗa wa manaja kai. Ɗalhatu kan amsa da ɗan ɗaga yatsa, irin na manya.

"Ka ga tarbiyya," yakan ce wa duk wanda ke kusa. "Wallahi ban koya musu ba. Kwarjini ne, ba a sayensa a kanti."

A hawa na biyu na kamfanin akwai wani ofis mai taga da na'urar sanyi mai aiki. A nan Hannatou take, 'yar Damagaram, mai tsara wa direbobi da leburori ranakun aiki. Ɗalhatu na kiranta "mutanen takarda". Ita ta tsinto 'yan Siri Lanka biyu suna buga kurket, ɗan'uwan besbol, a filin ajiye motoci a unguwar Karama, ta sa aka ɗauke su aiki a sito. Ita ta lura da Hamissou, direban motar ɗaga kaya, ranar da ya jefi kyanwa da murfin kwalba daga ƙarshen sito ya same ta a wutsiya. Ɗan ƙauyen Maraɗi ne, ya tashi yana jifan tsuntsaye da hoge a gonar gero. Ya zama mai jifan ƙungiya. Ita ke juya jadawali don kada a sa 'yan wasa sauke kwantena ranar Alhamis. Ita ke nemo bas da ƙanƙara. Juma'ar da ba su da wasa, sai ta ɗauki lema ta je ta kalli na wasu.

Abin da ta gani take rubutawa a sitikar da ake manna wa kwali, layi uku ga kowane mutum, ta manna a cikin hularsa. Mai jifansu yana gajiya a zagaye na huɗu. Kada ka bugi ta farko. Irin wannan. Wato kwarjinin Manaja Ɗalhatu da biro ake rubuta shi, ranar Alhamis da yamma.

Me ya hana ta gaya masa? Abokan aikinta suna cewa kawaici ne irin na 'yan gidan mutunci. Ni ban yarda ba. Hannatou ta ga abin da kowa bai kula da shi ba. Akwai ƙungiyar wani kamfanin gyaran na'urar sanyi, 'yan Filifin da suka san wasan tun suna yara, kuma kullum suna turo mutum da kyamarar bidiyo ya ɗauki Ɗalhatu. Shi ya ɗauka ɗan jarida ne. Sai ya riƙa juyo masa gefen fuskar da ya fi kyau, yana yin alamar a hankali, wani lokaci ya maimaita ko ta farko ba ta fito ba. Cikin wata guda suka haddace arba'in da ɗayan nan kaf, har suka raba wa sauran kamfanoni. Daga nan, da zarar Ɗalhatu ya shafa tumbi sai abokan hamayya su rugo gaba su tari ƙwallo mai taushi, ɗan Siri Lanka kuwa ya duba hularsa ya cilla ƙwallon bayan katanga. Mace mai hankali ba ta gyara irin wannan kuskuren.

Saura mako guda wasan ƙarshe, da 'yan Filifin ɗin, Ɗalhatu ya rubuta wa Alhaji Dikko takarda mai shafi uku. Ya ce ƙungiya mai kai biyu ba ta daɗewa. A cire hannun Hannatou daga harkar wasa, a mayar da teburinta sito, a ba manaja ofis mai taga, domin tunani yana son iska. Alhaji Dikko, wanda bai taɓa zuwa filin ba, ya karanta shafin farko ya ce, "Bari mu ga Juma'a."

Ranar Alhamis sai Idris direban bas ya yi suɓutar baki, ya ce ai mai kyamarar nan ɗan leƙen asiri ne. Ɗalhatu ya kaɗu. Ya sanar cewa gobe a bayan bas zai tsaya, kada maƙiya su sace masa ilimi. Hannatou ta ji, ta ajiye biro, ta sauko da kanta wajen mutumin da ke neman kujerarta, wanda suke kira Patron, wato maigida.

"Patron, in ka ɓuya ai cewa za su yi tsoro ka ji. Kuma ka san Alhaji zai zo. Wa zai kalla in ba ka nan?"

Washegari ya iso da sabuwar hula ja, ya tsaya inda ko jirgin da ke sauka zai hango shi. Bai taɓa susa irin ta ranar ba. Ya ja kunne har ya yi ja kamar hular. 'Yan Filifin suka yi ta rugawa inda ya tura su, ƙwallo na sauka wani wurin. Hamissou ya yi ta jifa kamar gero ya nuna. Kafin lokacin tafiya masallaci Dikko Kargo ta ɗauki kofi, Ɗalhatu ya rungume shi kamar jaririn da aka haifa masa.

Yana cikin yi wa Alhaji Dikko bayanin yadda ya tsara komai, sai ga manajan 'yan Filifin, ya rusuna ya kama hannun Ɗalhatu da hannu bibbiyu. Da Turanci ya yi magana, a gaban kowa.

"Yallaɓai, na sara maka. Alama hamsin da takwas ka yi yau, na ƙirga. Ko ɗaya yaranka ba su bi ba. Ko ɗaya! Wata huɗu kana yaudararmu. Yaya ka horar da su haka?"

Fuskar Ɗalhatu ta yi abubuwa da dama cikin ɗan lokaci. Amma babban mutum ba ya rasa mafita.

"Dabara ce, habibi," ya ce. "A Histon haka muke yi."

"Madalla," in ji Alhaji Dikko. "To, Ɗalhatu, in naka na yaudara ne, na gaskiyar wa ke bayarwa?"

Ɗalhatu ya shafa tumbi. Karon farko ke nan da alamar ta fito daga zuciyarsa.

Hamissou na gefe yana fifita da hula. Alhaji Dikko ya hango rubutu a ciki, ya miƙa hannu ya karɓa, ya sa tabarau. Ya karanta layi ukun a fili. Sannan ya karanta na huɗu, wanda ke ƙasan kowace sitika tun wasan farko: "Kada ka bi Manaja. Amma ka gyaɗa masa kai."

Ba wanda ya yi dariya, sai Idris, shi ma ya mayar da ita tari.

"Malama Hannatou," in ji Alhaji Dikko, da ya gane rubutunta, "ofishinki naki ne. Shi kuma wannan, me za mu yi da shi?"

"Don Allah Alhaji kada a taɓa shi," ta ce, tana naɗe lemarta. "Mai jifa zan iya samo wani. Irin Patron ba a samu. Sai dai a ɗan ɗaga shi sama, na baya ba sa ganinsa sosai."

Haka aka yi. Kafinta ya haɗa katakon loda kaya guda huɗu, ya yi masa dandamali, ya shafa fenti. Ɗalhatu ya karɓi abin a matsayin ƙarin girma. Ya gaya wa 'yan Kano da ke cin abinci a Deira cewa kamfani ya ga bai dace a kulle irinsa a ofis ba. Ya buga sabon kati: Babban Manajan Dabaru.

Ranar da ya fara hawa dandamalin, ya buɗe hannuwa, iska na kaɗa rigarsa, Hamissou ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, har idonsa ya kawo ruwa. Ɗalhatu ya ji daɗi, ya tambaye shi ko kwarjinin ne.

"A'a Patron, gida na tuna. Muna da irinka a gonar gero, da riga da hula, tsuntsaye na ta kallonsa ni kuma ina jifa daga baya. Sai dai namu bai taɓa neman ofis ba."