Alkakin Shanu

Mudu huɗu na alkama, goran zuma guda, ƙwaryar man shanu, da mutuncina a gaban dangin mijin ƙanwata da za su taso daga Ƙwanni cin suna. Abin da na zuba ke nan, shekarar da Nasara suka kafa duwatsun iyaka bayan Illela.

Ni dillaliyar kanwa ce, ban taɓa yin alkaki ba. Amma matar da ta saba ciniki da Buzaye, ƙulli ne zai gagare ta?

Inna ta ce, "Ɗiyata, kanwar ɗan tsunkule ake sawa."

Na ce, "Inna, tsunkule na masu saye ne. Ni ɗaki guda gare ni." Na jiƙa dunƙule sukutum na tuttula.

Ranar suna na fito da akushi ina rangwaɗa. Uwar mijin ta gatsa, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Yarinya, mi kinka sa ciki?"

Kafin in amsa, Bafulatanar da ke kawo mana nono ta lasa. "Aradu, wanga na shanunmu ne!"

Gida ya kaure da dariya, har mai jego tana riƙe ciki.

Alkama ta tafi, zuma ta tafi. Washegari mijin Bafulatanar ya sayi kanwa kayan jaki biyu, wai ya ji tawa ba algus. Har yau in za a yi suna a unguwa, saƙon ɗaya ne: "A ce wa Mai Alkakin Shanu ta zo da bakinta kawai."