Ranar da Wayata Ta Ƙi Gane Ni

Da aka yi wa ƙanena kutse a waya, ni na fi kowa faɗa. A majalisarmu ta bakin kasuwar Haɗeja na ce, "Ku dai sakaci ya yi muku yawa." A gabansu na sa wa tawa makullin zanen yatsa, na ƙara da doguwar lambar sirri wadda ba ɓarawon da zai canka.

Washegari na haye kogi dashen shinkafa. Na yini hannu cikin ruwa, yatsuna suka yamushe. Da la'asar na ɗauko waya in kira Malam Bukar mai kwalekwale. Na dangwala yatsa, ta ƙi. Na goge a riga, na hura masa iska, har lallashinta na yi. Lambar sirrin kuwa, ni ma na kasa cankarta.

Haka na tsaya a gaɓa ina kaɗa hula, sauro na shagali, har wani masunci ya tausaya mini.

Har yau in na iso majalisa, Malam Bukar kan gyara zama ya ce, "Alhaji, yau ta gane ka, ko mu zo mu yi maka shaida?"