Ranar da Na Shafa wa Mesa Man Kaɗe

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka ba ni amanar maciji ba, kuma ko na so mantawa mutanen Kurmin Sarki ba za su bar ni ba. A Sulejar da na tashi, in maciji ya shigo gida sanda ake nema, in kuwa ka ga mutum riƙe da shi to gardi ne a bakin kasuwa. Amma tun da Abuja ta cika ta tumbatso mana, sai ga shi ana ajiye maciji a akwatin gilashi, a raɗa masa suna, har a saya masa ɓeraye.

Mai wannan aikin 'yar hayata ce, Saratu, mutuniyar Pankshin, tana gwajin jini a wani asibiti a Abuja. Abin da take kiwo wata irin mesa ce ta Kudancin Amirka da ake kira bowa. Ba ta da dafi, ta ɗan fi mutum tsawo, kaurinta kamar damtsena. Sunanta Gimbiya.

Ni kuwa na yi ƙuruciyata a fataucin goro da atamfa, daga Kumasi zuwa Lome, daga Duwala har Sudan, shi ya sa a majalisa ake kirana Sha-Yawo. Na sha ba su labarin wani gari a ƙasar Benin inda ake rataya wa baƙo mesa a wuya (abin da ban taɓa faɗa ba shi ne daga bakin ƙofa na tsaya na yi kallo). Saboda haka da Saratu za ta tafi gida bikin Ista, ba ta nemi kowa ba sai ni. Ta ce Gimbiya ta riga ta ci, ba ta buƙatar komai sai a riƙa canza mata ruwa. Ta fara wani bayani a kan ruwan da fatarta, sai na ɗaga mata hannu.

"'Yata, tun ba a haife ki ba nake ganin macizai a ƙasashen duniya. Je ki gaida mutanen gida."

Ta ce, "To, Baba," ta miƙo mabuɗi.

Washegari na tarar da Gimbiya ta nannaɗe a cikin robar ruwanta, hanci kawai a waje. Da yamma tana nan. Gari ya sake wayewa, ba ta motsa ba. Fatarta da na sani tana sheƙi ta koma kamar an barbaɗa mata toka, idanun kuma sun yi fari fat kamar na tsoho mai yana. Na kira Saratu, waya ba ta shiga ƙauyensu. Nan take na gano cutar: sanyi ne. Wa zai kwana cikin ruwa bai kamu da sanyi ba? Na zare robar na zubar. Fatar da ta bushe kuwa, duk inda na je a duniya maganinta ɗaya, man kaɗe.

Hajiya, maiɗakina, ta miƙo mini kwalbar tana cewa in da ita ce da ta bar abin mutane yadda ta same shi. Na ce mata ita ba ta taɓa wuce Minna ba.

Ran Juma'a ce. Da muka sauko daga masallaci, ina cikin babbar rigata mai aska, na gayyato Alhaji Bala tela da sauran 'yan majalisa su ga yadda ake jinyar mesa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Na ɗauko Gimbiya, na lakato mai na hau mulka mata daga wuya har wutsiya, ina kwatanta musu yadda mutanen Tamale suke yin nasu man da yadda namu ya fi shi ƙamshi.

Abin da ban lissafa ba, maciji da ma santsi gare shi, ni kuma na ƙara masa. Ga ta ba ta gani sosai, ga hayaniyar mutane, sai ta nemi wuri mai duhu. Wuri mai duhu mafi kusa kuwa shi ne hannun rigata. Na damƙe, ta sulɓe. Na sake damƙa, ta sake sulɓewa. Sai na ji wani abu mai sanyi yana bin haƙarƙarina.

Ban san yadda na fita daga rigar ba. Na dai tsinci kaina a bakin titi, daga ni sai singileti da wando, ba hula ba takalmi, a tsaye kan bencin 'yan acaɓa. An ce na nemi taimako da Faransanci, da Larabci, da yaren Ashanti, har da ɗan Gwarancin da na tsinta a kasuwar Madalla. Hausa ce kaɗai ta ƙi zuwa. Daidai lokacin kuma matan maƙwabtanmu suke dawowa daga coci, addu'ar Juma'ar Ista, suka tsaya suka gaishe ni da ladabi, wanda ya fi dariya ciwo.

Alhaji Bala ya leƙo daga zaure ya ce, "Sha-Yawo, da wane yare kake so a kawo maka ɗaukin?"

Dariyar ba ta daɗe ba, domin da aka ɗaga rigar da sanda babu komai a ciki. Nan kunya ta gudu, tsoro na gaske ya zo. Labari ya riga ya bazu cewa mesa ta kuɓuce, matasan unguwa sun fara fitowa da gora da tabarya. Yarinya ta bar mini abin da take ƙauna, ga shi za a farfasa masa kai a ƙofar gidana. Na sauko daga bencin ina roƙonsu, wannan karon da Hausa tsantsa.

Muna cikin haka Hajiya ta yi kira daga tsakar gida, muryarta a kwance.

"Alhaji, zo ka ga mara lafiyarka."

Gimbiya na cikin bahon da Hajiya ke tara ruwa, ta nannaɗe, hanci a waje, mai na yawo a saman ruwan. Ta ratsa gidan nan kaf ta koma inda na raba ta da shi. Hajiya ta kifa kwando a kai, ta aika aka sallami masu gora.

Da Saratu ta dawo ta saurari labarin har ƙarshe ba ta yi ko murmushi ba (sai da ta shiga ɗakinta na jiyo dariyarta ta bango). Ta ce saɓa Gimbiya za ta yi. In lokacin ya zo idanu kan yi fari, fata ta dushe, a irin zafin nan da bushewar iska kuma takan shiga ruwa don tsohuwar fatar ta yi laushi. Abin damuwa sai in ta gama saɓar ba ta bar ruwan ba, ko a ga ƙananan ƙwari baƙaƙe kamar ƙumar kaji suna yawo a ciki. Wannan ne bayanin da na katse.

Saɓar da ya kamata ta fita gaba ɗaya kamar an zare safa, sai ta riƙa fita guntu-guntu, wata ta maƙale a bakin wutsiya. Saratu ta yi ta fama da ruwan ɗumi da jiƙaƙƙen tawul, ni ina riƙe mata buta. Sai a saɓa ta gaba Gimbiya ta dawo da sheƙinta, ni ma na samu barci.

Yanzu in mai ba ni amana ya fara bayani, hannuna a aljihu yake har ya kai aya. Saratu in za ta yi tafiya Hajiya take bar wa mabuɗi, wadda ba ta taɓa wuce Minna ba. A majalisa kuma an daina ce mini Sha-Yawo, Alhaji Mai Man Kaɗe ake kirana, kuma ina amsawa.