Wuƙar Ciyaman Mai Giram Arba'in da Takwas

Duk wanda ya ce Minna ba ta da gwarzon daji, to bai taɓa gaisawa da Alhaji Ndakotsu na Ketaren Gwari ba. Bawan Allahn nan shekara talatin da biyar ya yi yana gadin ɗakin ajiyar kaya a wata ma'aikata, ya fito da fansho, da hawan jini, da cikakken sanin yadda ake rayuwa a dokar daji. Wannan ilimi na ƙarshe a waya ya same shi, wajen kallon Turawa masu goya jaka suna hawan duwatsu. Wata biyu yana kallo, a na uku ya kafa Ƙungiyar Masu Tattakin Lafiya, ya kuma yi wa jama'a alfarmar zama ciyaman ɗinta ba tare da ya wahalar da kowa da zaɓe ba.

Mutum goma sha huɗu ne a ƙungiyar, malaman makaranta da 'yan fansho da nas guda ɗaya. A gabansa Ciyaman suke ce masa. A bayan idonsa kuwa Alhaji Giram, saboda tun da ya ƙwace sikelin da matarsa, Hajiya Alisabatu, take auna fulawar kek da shi, babu abin da ya tsira a gidan. Ya auna cokali, ya auna safa, ya auna buroshin haƙori ya ga ya yi nauyi ya datse masa ƙota. Abu ɗaya ne bai taɓa ɗorawa a sikeli ba, shi ne kansa, kuma wannan tausayi ne ga sikelin.

Shekara uku ana zaman lafiya, sai marasa godiya suka ce a yi zaɓe. Har suka tsayar da Christopher, wani malamin sakandare ɗan Beji, wanda bai da wata daraja illa ya san kowace hanya da kowane rafi a yankin. Aka sa rana: za a yi babban tattaki zuwa gonar kawun Christopher a Beji, a ci abinci, a ɗaga hannu. Abin ya ci wa Alhaji rai ƙwarai, don kujerar nan ita kaɗai ta rage masa inda yake magana a yi shiru. Ya yi kwana biyu yana nazari, ya gano cewa abin da ke bambanta shugaba da mabiya a daji ba wani abu ba ne illa wuƙa a ƙugu.

Ya tara mambobi ya yi musu lacca.

"Wuƙar ɗan daji ba ta naɗewa," in ji shi. "Mai naɗewa ta masu yankan farce ce. Dole ta zama tsayayya, mara nauyi, mara tsada. Duk giram ɗaya da ka ƙara a jaka, gwiwarka ce za ta ji a jikinta. Wannan kimiyya ce, ba kowa aka ba ba."

Aka ba shi shawara ya leƙa wajen Mudi maƙeri, can bayan tashar jirgin ƙasa, wanda kakansa ya zo garin da aikin dogo. Alhaji ya je, da sikelinsa a hamata. Mudi ya ɗauko wuƙa ɗaya baƙa mai ƙotar itace, ya aske gashin hannunsa da ita a gaban baƙo, ya miƙa. Alhaji bai kalli kaifin ba, sikeli ya kalla. Giram ɗari biyu da goma. Ya girgiza kai irin na likitan da ya ga cuta ta yi nisa, ya tambayi lambar ƙarfen da takardar shaidarsa. Mudi ya ce shi dai bai san lamba ba, amma sifirin motar da ya ƙera ta da shi ya yi shekara ashirin yana zirga-zirga tsakanin Minna da Bida bai karye ba. Alhaji ya yi masa nasiha a kan ci-baya, ya tafi.

A waya ya samo wadda ta dace da matsayinsa. Mako uku ana jira, ta iso a kwali mai hoton damisa. Fara ce tas, tana ƙyalli, an huda ƙotarta wuri biyar don rage nauyi. Giram arba'in da takwas! Alhaji ya ɗauki hoton sikelin ya tura wa kowa har sau biyu. Hajiya ta nemi ta gwada ta da albasa, ya ce kayan daji ba na madafa ba ne. Ta ce to a ɗan wasa ta mana, ya ce washi yana cinye ƙarfe, kuma masana'anta ta fi ta sanin aikinta. Dutsen washi ma a gida ya bar shi, don ya auna shi ya ga abin tsoro.

Ranar Asabar da safe aka kama hanya. Ciyaman na gaba cikin kaki, kube na lilo a ƙugunsa, jakarsa ba ta kai nauyin jaririn kyanwa ba. Gaskiya ne akwai ɗan acaba da ya zaga ta titi da kujerarsa ta naɗewa da kular abincinsa, amma wannan ba ya cikin lissafi tunda ba a jaka suke ba. Bayan tudu na biyu ma shi kansa Ciyaman ya bi bayan kujerar a acaba, domin ya duba wa jama'a lafiyar hanya.

Baba Zamani, kawun Christopher, manomin doya ne, Kirista, mai son baƙi. Ya sa aka jawo bunsuru mai ƙiba. A wannan yanki kuwa, in baƙi sun haɗa Musulmi da Kirista, maigida ba ya yanka da kansa, Musulmi yake ba wa domin kada kowa ya janye hannu daga akushi. Ya dubi wanda ya fi kowa furfura da kaki.

"Alhaji, kai ne babba, ga wuƙa ma a jikinka. Ka yanka, kowa ya ci."

Ciyaman ya dubi bunsuru, ya dubi jama'a. A duk rayuwarsa ko kaza bai taɓa yankawa ba, kowace Sallah mahauci ake kira, shi kuma ya tsaya daga nesa yana ba da umarni. Amma ga idanu, ga ƙuri'u. Ya nemo alƙibla a waya, ya zare wuƙa a hankali don rana ta haska ta, ya gyara murya.

"Jama'a, ku buɗe ido. Yau za ku ga bambancin ƙarfen ilimi da ƙarfen gargajiya."

Ndaceko, tsohon direba kuma ɗan garinsu Alhaji daga Bida, shi ne ya danne ƙafafun bunsurun. Cikin ladabi ya tuna wa Ciyaman cewa ba a ɗora wa dabba wuƙar da ba a gwada ba, kada a azabtar da ita. Ya miƙa masa bakin igiyar da aka ɗauro bunsurun.

Alhaji ya ja sau ɗaya. Igiya ba ta san ana yi ba. Ya ja sau goma, gumi ya karyo masa, igiyar ta ɗan yi sheƙi a wurin. Ya ɗora ta a kan kututture ya danna da dukan ƙarfin fanshonsa, sai wuƙa ta lanƙwashe kamar murfin gwangwanin kifi. Da ya taka ta don ya miƙar, tsinin ya ɓalle ya yi tsalle cikin ciyawa. Ndaceko ya saki bunsuru ya huta, bunsurun kuwa ya miƙe ya kama tauna igiyar, kuma cikin minti ɗaya ya fi wuƙar ci gaba.

Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi dariyar ciwo ke nan. Matar Baba Zamani ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar wuƙarta ta feren doya, ƙotarta naɗe da roba. Ndaceko ya goga ta a dutse 'yan lokuta, ya yi bisimilla, aiki ya ƙare. Alhaji kuwa ya koma kujerarsa yana bayyana wa duk mai kunne cewa igiyar Beji ba ta cika ƙa'idar da ake gwaji da ita a ƙasashen waje ba.

Aka gasa nama, aka kirɓa sakwara, aka ci aka yi nak. Ciyaman ma ya ci, don shugaba ba ya kunyata maigida. Bayan la'asar Aziza nas ta miƙe a gindin mangwaro ta ce lokacin zaɓe ya yi. Masu son Christopher su ɗaga hannu. Hannaye goma sha biyu suka tashi, duk da maiƙo. Masu son Alhaji Ndakotsu fa?

Alhaji ya ɗaga nasa. Sai ga wani hannu ya tashi a gefe, na Ndaceko. Wallahi sai da ƙwalla ta cika idon Ciyaman. Ashe dai akwai sauran amana a duniya, ashe Bida ba ta yar da ɗanta. Aziza ta ce ƙuri'a biyu.

"A'a, 'yata, rubuta ɗaya," in ji Ndaceko, yatsansa na nuna ƙugun Alhaji. "Ciyaman, in ba damuwa ara mini guntun wuƙar nan. Nama ne ya maƙale mini a haƙori."