Barkan da na yi wa Rahila a lasifika

Ba zan taɓa mantawa da taron tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta likitanci da aka yi a nan Gombe ba, kuma na tabbata waɗanda suka halarta ma ba su manta da ni ba, duk da na so a ce sun manta. Har yau idan hanya ta bi da ni ta gaban otal ɗin da aka yi taron, sai in ƙara wa mota wuta kamar wadda aka biyo.

Ni likitar mata ce, aikina duba masu juna biyu da karɓar haihuwa. Tun muna makaranta 'yan ajinmu suka laƙaba mini suna Mai Ido. Akwai wani tsohon farfesa da yakan tsayar da mu a bakin ƙofar ɗakin marasa lafiya, ya nuna gado da haɓa, ya ce, "Daga nan inda kuke, me ke damun wancan?" Kullum ni ke cinyewa. In dubi launin ido, in dubi yadda mutum ya dafe gefensa, sai in faɗi ciwon, a tafa mini. (Farfesan yakan ƙara da cewa wannan wasa ƙwaƙwalwa ne kawai, likitan kirki sai ya zauna ya tambayi mai jiki. Wannan ɓangaren ban taɓa riƙe shi ba, tunda ba a tafa wa kowa a kansa.)

Da na fara aiki sai idon nan ya zama abin tsirata. Mata daga Tudun Wada, daga Kwadon, daga ƙauyukan da ko sunansu ban sani ba, sun cika benci tun kafin in iso. Abokan aikina maza in sun tashi aiki sun tashi, ni kuwa in na koma gida wani aikin ne ke jirana da baki buɗe. Abin da na fara yankewa don in samu lokaci shi ne gaisuwa. Mace za ta shigo tana "Ina kwana Likita, ya aiki, ya yara," ni kuwa na riga na gama karanta ta, na nuna mata gado. A hankali halin ya bi ni har waje. Ba na zuwa biki, ba na zuwa suna, taron ƙungiyarmu kuwa sai dai in aika da uzuri. A haka na yi sakaci da Rahila.

Rahila 'yar Kaltungo ce, ɗakinmu ɗaya tun shekarar farko har muka gama. Da azumi ita ke ajiye mini kunun buɗa-baki, ranar Lahadi ni ke goge mata kayan zuwa coci. Likitar yara ce, tana zaune a unguwar Gabukka da mijinta, malamin makaranta. Sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba, kuma na san yadda abin ke cin ta, don a kafaɗata ta sha yin kuka. Gari ɗaya muke, amma aka fi shekara ban sa ta a ido ba. Ta kira ni ta kira, ina ɗakin tiyata, in ce zan neme ta, in manta. Daga baya ta daina kira. Shi ya sa da Dokta Nkechi, shugabar reshen mata na ƙungiyar, ta matsa mini in zo in yi wa ɗalibai mata jawabi, na amsa. Gaskiya ba don ɗaliban ba ne. Na ji Rahila za ta zo, kuma ina son in dawo da ƙawata.

Ranar taron na makara, kamar yadda na saba. Daga asibiti na wuce, ina ɗaura ɗankwalin anko a mota. Nkechi ta tare ni a ƙofa. (A Gombe aka haife ta, babanta kayan gyaran mota yake sayarwa, Hausarta ta fi tawa gudu.)

"Mai Ido, tsaya mana, akwai maganar da zan gaya miki kafin ki hau."

"Bayan jawabi, Nkechi," na ce, na wuce ta. Ko ina wuni ban ce mata ba.

Ina hawa dandamali na hango Rahila a layin gaba. Ta sa doguwar riga mai faɗi, ta jingina da kujera, hannu ɗaya a baya, ɗaya a kan ciki. Cikin kuwa ya fito sosai. Ƙafafunta sun kumbura har ta zare takalmi. Fuskarta ta faɗa, tana tsotsar tsamiya kamar mai fama da tashin zuciya. Kafin in gyara makirufo na gama lissafina: ciki ne, ya kai wata bakwai, mai laulayi. Wani daɗi ya cika ni har idona ya kawo ruwa. Sai kuma na ji ɗan zafi, wato duk wannan alheri ya same ta ba ta gaya mini ba. Na ce a raina laifina ne, kuma yau zan wanke kaina a gaban kowa.

Na yi jawabina kan yadda mace za ta riƙe aikin likita ta riƙe gida. ('Yan matan suna ta rubutawa, ba su san mai maganar rabonta da cin abinci tare da 'ya'yanta an kwana biyu ba.) Na zo kan muhimmancin lura, kaina ya fara kumbura, na ba su labarin farfesa da bakin ƙofa. Sai na ce:

"Bari in nuna muku yadda ake yi. Daga nan inda nake, ba sikanin, ba gwajin fitsari, ina shaida muku cewa addu'ar da muka daɗe muna yi ta karɓu. Dokta Rahila, ƙawata, 'yar ɗakina, barka! Kuma ki sani, ba mai karɓar haihuwar nan sai ni."

Ku duba fa. Ko a ƙauye, yarinya ƙarama ta san ba a nuna cikin mace a yi magana, sai a yi kamar ba a gani ba har Allah ya sauke ta lafiya. Ni da digirina na ɗauki lasifika.

Ɗalibai suka ɓarke da tafi, wata daga baya ta rangaɗa guɗa. Ina ta murmushi ina jiran Rahila ta taso ta rungume ni. Sai na lura tafin daga baya kawai yake zuwa. Layukan gaba, inda 'yan ajinmu suke, ba wadda ta ɗaga hannu. Wata ta sunkuyar da kai, wata ta kama baki. Nkechi ta rufe fuska da tafin hannu biyu. Tafin ya riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan har ya zama ba abin da ake ji sai ƙarar fanka.

Rahila ta dafa kujera ta miƙe a hankali, ta miƙa hannu aka ba ta ɗaya makirufon.

"Na gode, ƙawata," ta ce. "'Yan mata, ku zauna. Ba ciki ba ne, ruwa ne. Ciwon daji gare ni a ƙwan mahaifa, kuma ya yi nisa. Ɗankwalin nan da na ja har goshi ba gayu ba ne, magani ya kwashe gashin. Na zo yau ne don in yini ɗaya a matsayin likita, in huta da zama marar lafiya. Amma tunda an mai da ni darasi, to ku ɗauka. In mace ta shigo muku, ku fara gaishe ta. Ku ce ya jiki, sannan ku jira amsa."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta harare ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na so ƙasa ta tsage in shige, ƙasa ta ƙi. Na ce "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un" a hankali, na manta makirufo na bakina, lasifika ta kai shi har wajen masu gadi. Ban san yadda na sauka ba. Na dai tsinci kaina a wurin ajiye motoci, ina ta ƙoƙarin buɗe motar da ba tawa ba.

A nan Nkechi ta same ni.

"Haba Mai Ido! Ba na ce ki tsaya ba? Kowa a ƙungiya ya sani. Karɓa-karɓa muke yi wajen kai ta shan magani."

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Ita ta hana. Ta ce da bakinta za ta gaya miki, ranar da kika ɗaga waya. Ke kina tsammani kiran da take miki na hira ne? Likitar mata take nema, lokacin da abin ya fara."

Na zauna a kan dakalin wurin da ankona, na yi kukan da ban taɓa yi ba tun rasuwar mahaifina.

Sai da na kwana biyu kafin na iya zuwa Gabukka. Mijinta ya buɗe mini ƙofa, ya yi mini sannu da zuwa kamar ban yi komai ba, abin da ya ƙara mini kunya. Na same ta a kwance a falo. Na durƙusa na fara, "Rahila, don Allah ki yafe..."

"A'a," ta ce. "Koma ki faro daga farko. Ina wuni?"

Haka ta sa na gaishe ta tiryan-tiryan, ya gida, ya maigida, ya mutanen Kaltungo, har na iso kan ya jiki. Sai ta ba ni amsa, amsa mai tsawo, na zauna na saurara har aka kira la'asar. Na tambaye ta ko da na ɗaga waya tun farko da abin bai kai haka ba. Ta ce, "Allah kaɗai ya sani. Kar ki ɗora wa kanki wannan, kan naki ya riga ya yi girma."

Na shiga karɓa-karɓar. Idan ruwan ya taru ya hana ta numfashi, ni nake zuƙe mata shi a asibiti. Takan shafa cikin ta ce, "To Likita, yau wata nawa?" Ta yi dariya, ni in juya baya ina gyara abin da bai lalace ba. Ta ce ai na cika alkawari, ba mai taɓa cikin nan sai ni. Da damina ta rasu. Muka raka ta Kaltungo mu duka, masu hijabi da masu hular coci a mota ɗaya.

Yanzu ba na fashin taron ƙungiya, sai dai ba a ƙara ba ni makirufo ba, kuma ban nema ba. A asibiti layina ya fi na kowa jinkiri, nas-nas suna ta ƙorafi wai na mai da ɗakin awo zauren gaisuwa. Kwanan baya wata mata daga Kwadon ta shigo tana dafe da bango, ciki har ƙirji, tana cije leɓe. Na ce, "Sannu baiwar Allah, ina kwana, ya gida? Me ke tafe da ke?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Likita, ke ba ki da ido ne?"

Na ce, "Ina da shi. Shi ya sa nake tambaya."