Wasiƙun Lawal Sun Kwashe Mazan Unguwa

"Ku ba ni biro ɗaya da kwana uku," in ji Lawal, yana bugun ƙirji a gaban mai shayi a kasuwar Hilla Kuku. "In ban tsara muku Rabiɗar nan ta fi fadar gwamnati tsari ba, ku aske mini gashin baki ba ruwa. Ni aikin gwamnati na yi. Ku kuwa auduga kuka tsinka."

To, bari ku ji aikin gwamnatin. Wata uku ya yi yana murasala a wani ofishi a Madani, wato mai ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, da kawo wa manya shayi. A wata na huɗu ya haɗa aikin biyu wuri ɗaya, ya tuntsurar da shayi a kan fayil, aka ce ya je gida ya huta. Shekara ashirin ke nan yana hutawa, yana sayar da takalman roba. Amma kada ka kuskura ka ce masa Lawal kawai. Ustaz Lawal ne. Biro uku a aljihun gaba, biyu ba su rubutu.

Rabiɗa kuwa ƙungiya ce ta mutanenmu da suka baro gonakin Jazira suka zauna a Khartum. Dukiyarta duka a ɗaki ɗaya take: siwan, wato babban tantin da ake kafawa a titi ranar biki ko makoki, da kujeru ɗari biyu, da tukwane takwas waɗanda babban mutum zai iya wanka a ciki. Kada ku raina. Wanda aka yi wa rasuwa cikin zafin Khartum shi ya san darajar inuwa.

A wannan shekara, 'yan shekaru bayan soja sun hau mulki, Rabiɗa ta yi zaɓe. Haj Ɗanjuma, wanda ya riƙe mabuɗin ɗakin shekara goma sha biyu, ya faɗi. Haj Sharafaddeen, dillalin albasa a kasuwar Omdurman, ya ci. Lawal ne ya yi masa yawon neman ƙuri'a har muryarsa ta dushe, shi kuma Haj ya yi masa alkawarin kujerar sakatare. Sai dai dokar Rabiɗa tun daga iyaye ɗaya ce: ranar Juma'a bayan la'asar, sabon shugaba zai tsaya da mutanensa a gaban jama'a, ya karɓi mabuɗi hannu da hannu. In magariba ta yi bai zo ba, tsohon shugaba ya ci gaba shekara biyu. Ba mabuɗi, ba sakatare.

Ranar Asabar Lawal ya haye gada ya sami Haj a cikin buhunan albasa.

"Ya Ustaz," in ji Haj, "ga sunayen mutum tara da nake so su yi aiki da ni. Ka bi su gida gida, ka gaishe su, ka sha kofinsu, ka ce Haj yana neman alfarma."

Lawal ya yi wata dariya ta tausayi.

"Ya Haj, da ƙafa? Da baki? Wannan ai tsarin gona ne. Yanzu wasiƙa ake yi. Kai dai ka tanadi rawaninka, sauran ka bar mini."

Haj yana tsakar ciniki, ya ce, "Tamam," wato shi ke nan, ya juya ga albasarsa. Wannan tamam ɗin ita ta kai shi inda ta kai shi.

Lawal ya dawo gida ya kwashe teburin da matarsa Sittana take ɗora kisra a kai, wato burodin dawa mai falle-falle, ya kafa ofis a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Ya ja layi a ƙasa da sanda, ya ce ba mai tsallakewa sai da izini. Kaji ne kaɗai ba su ji ba. Kwana biyu yana raba muƙamai: mai kula da siwan, mai kula da tukwane, mai sanarwar rasuwa, mai ba da shawara kan kujeru, da mataimakin mai ba da shawara kan kujeru.

"Abu Tasnim," in ji Sittana daga bayan layi, don da sunan 'yarsu take kiransa, "mutum tara ne fa. Da ka tashi tun jiya da ka gama da su, har ka ci abinci gida tara."

"Ke, harkar ofis ce. Sirri ne."

"To sirrin ya ba ni teburina, kisra tana shan ƙasa."

Ya tafi wurin mai buga takardu a bakin kotu, aka buga masa wasiƙa goma sha ɗaya da Larabci mai nauyi. Tara na mutanen, ɗaya ta Haj Sharafaddeen kansa, domin wai tsari bai bar kowa ba, ɗaya kuma tasa. E, ya rubuta wa kansa. Bai faɗi muƙamin kowa a ciki ba, don kada a fara hassada tun kafin rana. Bai sa sunan Rabiɗa ba, don wai sunan bai da kwarjini. Abin da ya sa ke nan: "Sirri ƙwarai. Ana buƙatar ka bayyana da kanka ranar Juma'a bayan la'asar a filin makarantar unguwa. Kada ka sanar da kowa. Bayani sai ka zo. Daga Ofishi na Musamman."

Saura hatimi. Ya ce wa mai sassaƙa ya yi masa tantabara, alamar zaman lafiya. Mutumin kuwa tsuntsu ɗaya ya iya, irin na tambarin gwamnati, mai buɗe fukafukai yana harara. Lawal ya duba ya ce, "Wannan tantabarar tana da kwarjini." Ya danna ta a kan ambulan ruwan ƙasa goma sha ɗaya.

Sannan mai kaiwa. Sakatare ba ya raba takarda da hannunsa. Ya tafi Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai, wurin ƙanin Sittana, Idirisu mai walda, ƙato mai 'ya'ya biyar da ke zaune can unguwar Mayo, wanda ba a san fuskarsa a Hilla Kuku ba. Ya tarar da shi da baƙin tabarau, don walda ta taɓa masa ido, yana tsaye kusa da wata boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya. An yi mata sabon farin fenti, an cire lambarta ba a mayar ba, gilashinta baƙi wuluk.

Lawal ya zagaya ta sau biyu. "Wannan ita ce motar ofis!"

"Yaya Lawal, ta mutane ce fa. Ko lamba babu."

"Lamba ta talakawa ce. Ungo, sa safari ɗina. In ka je kada ka yi Hausa, kada ka yi doguwar sallama, kada ka sha ko ruwa. Ka kira cikakken suna har kaka, ka miƙa, ka ce a sa hannu, ka tafi."

Jama'a, a waɗannan shekarun ko akuya ta ga farar boksi marar lamba ta tsaya a ƙofar gida, da ƙato mai baƙin tabarau yana kiran suna har kaka, ta san jami'an tsaro ne, ba gayyatar suna aka kawo ba. Lawal ma ya sani. Amma a ranar ba ya ganin komai sai kansa a kujerar sakatare.

Ranar Talata da yamma Idirisu ya kawo rahoto.

"Duk an karɓa?"

"An karɓa. Amma matar mai tukwane ta zauna a ƙasa daɓas."

"Murna ce."

"Mai siwan kuma yana ganina ya haye katanga ta baya, da takalmi ɗaya."

"Zumuɗi. Ya je gaya wa dangi. Na ce sirri ne, amma mutanenmu ba su iya riƙe farin ciki ba."

Ranar Laraba Lawal ya sa biro na huɗu a aljihu, ya je wurin mai shayi ya zauna jiran godiya. Benci wayam. Ya tambayi wane, aka ce kawunsa ya rasu a Jazira. Wane fa? Shi ma kawunsa. Kowace mata ta rufe ƙofarta ta rufe bakinta, ko maƙwabciya ba a gaya wa ba.

"Abu Tasnim," in ji Sittana da ya koma gida, "kawu shida a kwana ɗaya, kuma ba wanda ya zo aron tukunya ko ɗaya? Wace irin mutuwa ce ba a dafa abinci?"

Mai hankali da ya tsaya a nan. Lawal kuwa ya ce sakaci ne, kuma maganin sakaci a ofis sananne ne. Ya buga wasiƙa ta biyu, ya ja layi a ƙarƙashi da jan biro: "Tunatarwa ta ƙarshe." Ranar Alhamis boksi ta sake zagayawa. Mutum ukun da suka rage, waɗanda suka yi ta maza suka zauna, su ma kawunansu suka rasu kafin azahar.

Juma'a ta zo. Lawal ya karɓo safarinsa, ya sha guga, ya rungumi fayil ya nufi fili. Ba siwan, don mai kafa shi yana Jazira da takalmi ɗaya. Rana tana dukan ƙeya. Haj Ɗanjuma yana zaune a kujera ɗaya tilo, mabuɗi a tafin hannu, da wasu tsofaffi biyar. Can gefe mata sun taru, idanu jajur.

Lawal ya gyara murya ya buɗe fayil. "Za a kira suna. Mai girma shugaba, Haj Sharafaddeen!"

Ya ɗaga kai ya duba, babu Haj. Ya kira mai siwan, wata mata ta fashe da kuka. Ya kira mai tukwane, wata ta kama. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane suna da mai kukansa, har ya iso ƙarshen takarda. Tsari kuwa tsari ne.

"Ustaz Lawal!" ya kira. Ya ɗan matsa gefe, ya ɗaga hannu. "Na'am."

"Alhamdu lillahi," in ji Haj Ɗanjuma. "An sami ɗaya."

Sai ga Hajja Awadiyya, matar Haj Sharafaddeen, ta sauko daga motar Omdurman, tana riƙe da wani abu a naɗe cikin tsumma, nesa da jikinta, kamar ta kamo kunama.

"Ya Haj Ɗanjuma, ku yi mana addu'a," ta ce a hankali. "Sau biyu suna zuwa. Haj ya tafi garinsu Maiurno tun jiya, a bayan motar albasa, an lulluɓe shi da buhu. Ko buɗe takardun bai yi ba. Tsuntsun kawai ya gani."

Ta warware tsumman. Ambulan biyu ruwan ƙasa. Matan nan suka dubi juna, sai kowace ta sa hannu cikin mayafi ta zaro irinsa.

"Ai tantabara ce," in ji Lawal, murya ƙasa ƙasa.

"Me ka ce?"

Kafin ya amsa, farar boksi ta kunno kai cikin fili. Idirisu ne, ya zo cin abincin biki. Tsofaffin nan biyar, waɗanda sai an riƙe su suke tashi daga sallah, suka watse kamar samari. Wani har ya bar sandarsa. Idirisu ya sauko, ya ture tabarau goshi, ya ce da Hausa tsantsa, "Salamu alaikum. An gama ne? Ina tuwon?"

Sittana ta dubi ƙaninta, ta dubi motar, ta dubi mijinta.

"Idirisu, kai ne gwamnatin?"

"Yaya Lawal ne ya ce in sa safari."

Abin da Lawal ya ji daga bakin matan nan ba zai rubutu ba. Mai sauƙin ciki shi ne na Hajja Awadiyya, da ta ce masa buhun ruɓaɓɓiyar albasa mai biro. Ana cikin haka ladan ya kira magariba. Haj Ɗanjuma ya dubi mabuɗin, ya sumbace shi, ya mayar aljihu.

"Ya Ustaz," ya ce, "mutanena sun yi mini yawon ƙuri'a wata biyu na faɗi. Kai ka yi wa abokin takarata aiki kwana shida na dawo. Allah ya saka. Kuma ba zan bar ka ba muƙami ba. Gobe ka kama hanya, ka bi su ɗaya ɗaya ka dawo da su. Da ƙafa, da baki. Biron ka bar wa Sittana."

Kwana goma sha tara ya yi yana bin ƙauyukan Jazira har Maiurno, yana shan kofi gida gida, yana rantsuwa cewa shi ne Ofishi na Musamman. Mai siwan sai da aka sa Lawal ya dafa Alƙur'ani kafin ya fito daga rumbu. Haj Sharafaddeen da ya dawo, albasa ɗaya kawai ya aiko masa.

Lawal ya koma kan takalman roba, Sittana ta karɓi teburinta. Sai bayan wata uku, wata safiya, aka yi sallama. Hajja Awadiyya ce da kanta, ta haye gada takanas, da kwanon dabino a hannu.

"Ya Ustaz, abin da ya wuce ya wuce. Wasiƙa nake so ka rubuta mini. Na duba Omdurman kaf, ba mai hannunka."

Lawal ya miƙe zaune. Ƙirji ya dawo wurinsa. Ya waiwaya wajen madafa.

"Sittana, kina ji? Kawo biro! Na gaya miki gwani ba ya ɓuya. Hajja, zuwa ga wa? Wace hukuma?"

"Dangin Haj ne, mutum bakwai. Sun rako shi daga Maiurno, wata uku ke nan sun ƙi tafiya, sun cinye mini gida." Ta ajiye dabinon a gabansa. "Ba sai ka wahalar da kanka da rubutu ba. Ka dai danna musu tantabarar."